Yadda Zakiru Ya Kai Teku Sakkwato

A layinmu na Harra ta Gabas babu wanda bai san aikin Zakiru ba, domin babu wanda Zakiru bai tsayar ya gaya masa ba. Mutumin Mai Wurno ne ta ƙasar Sudan, shekararsa ashirin da biyu a Madina, yana aiki a wani kamfanin jigilar alhazai. A bakinsa, shi ke tsara tashi da saukar motoci arba'in. "Ni in na yi atishawa a nan," yakan ce, "sai an yi jinkirin awa guda a Makka." A zahiri kuwa, aikinsa tsayawa a ƙofar mota da lasifika da allo mai lamba, yana ƙirga kawunan masu shiga.

Matarsa Iyatu malamar makaranta ce tun a Sudan. A falonta take koyar da manyan yara uku da ke shirin jarrabawar gama sakandare: ɗansu Abdulfattah, da Osman da Asma, 'ya'yan maƙwabciyarsu Najiba. Dukkansu haifaffun Madina ne. Ka yi musu Hausa su ji sarai, su mayar maka da Larabci.

Rigimar ta faro ne a wajen wani suna a unguwar Jurf. Baba Sa'id, dattijon jama'armu, mai shekara tamanin da 'yan kai, ya kira Osman ya tambaye shi daga ina kakanninsa suka zo.

"Min Sudan," in ji Osman.

"Kafin Sudan fa?"

Osman ya ɗaga kafaɗa. "Ma adri." Wato bai sani ba.

Baba ya ajiye kofin shayinsa bai ƙarasa ba. Ya aika wa Iyatu cewa lissafi da Turanci duk suna da kyau, amma yaron da bai san Sakkwato ba, bai san abin da ya taso da kakanninsa daga can har bakin kogin Nilu ba, karatunsa da saura. Ya ba da mako uku a ƙara musu karatun tarihin Daular Usmaniyya. Ranar Asabar ta ƙarshe zai yi musu tambayoyi a gaban jama'a. In ba su san komai ba, zai ba iyaye shawara su mai da su wajen wani malami a Jurf.

Wannan ajin shi ne rayuwar Iyatu. Shekara shida tana gina shi. Ta zauna da takarda ta rubuta: Litinin da Laraba, bayan la'asar, shafi goma-goma. Tana cikin haka aka bugo waya daga Makka cewa ƙanwarta ta haihu, an yi mata aiki, kuma babu mai zama da ita.

Zakiru ya ɗauki takardar da yatsu biyu, kamar ya tsinci abin da kyanwa ta bari.

"Wannan mene ne?"

"Jadawali ne, Baban Abdul."

"Wannan? Layi biyu? Iyatu, ki ji tsoron Allah. Kina zaune da mai tsara motoci arba'in a gida, kina wahalar da kanki. Kuma tarihin wa? Tarihin gidanmu! Kakana fa shi ya riƙe tuta tun daga Sakkwato har Mai Wurno, hannunsa bai sauka ba."

"Ni dai shafi goma nake so."

"Tafi Makka ki yi jego. Ki dawo ki tarar da malaman tarihi uku."

Ba ta da zaɓi. Ta bar wa yaran aikin lissafi na mako uku, ta rubuta wa Zakiru sunan wani malami da zai ara musu littafi, ta hau mota. Zakiru ya ninke takardar ya sa a aljihun jallabiyar da aka kai wanki.

Washegari ya nufi kantin littattafai kusa da Harami. Larabcin Zakiru na baki ne, na kasuwa da tasha. Yana karanta Alƙur'ani da allon hanya, amma dogon rubutu marar wasali sai ya ce tabaraunsa yana gida. Ya buga hannu a kan teburin mai kanti.

"Tarihin Daular Usmaniyya nake so!"

"Addaulal Usmaniyya? Taƙaitacce ko cikakke?"

"Ka dube ni da kyau. Na yi kama da mai sayen taƙaitacce?"

Aka ɗauko masa juzu'i takwas, kowane ɗaya kamar bulon gini. Ya yi ta jinjina kai yana murna. "Ka ga Larabawa ma sun san darajarmu," ya gaya wa yaron da ya ɗora masa kwalin a mota. Abin da bai sani ba shi ne, a kantunan Madina in ka ce Daular Usmaniyya, ta Turkawa ake nufi.

Jadawalin kuwa kwana biyu ya ɗauka. Bai yarda da takarda ba. Sai da ya kai shagon buga allunan talla aka buga masa a kan leda mai faɗin tabarma biyu, launi shida, da hotonsa a kusurwa yana nuna gaba da yatsa. Ya manna shi a bangon matakalar benensu, ta yadda mai hawa sai ya karkace.

Abdou wanzami, mutumin Chadi mai shago a ƙasan benen, ya fito da almakashi a hannu ya tsaya yana dubawa.

"Malam Zakiru, jirgi za ka tayar?"

"Ilimi zan tayar. Karanta ka ƙaru."

"Ƙarfe shida da minti bakwai zuwa shida da ashirin da biyu. Me ya sa ba shida daidai ba?"

"Shida daidai na marasa tsari ne."

"To. Wannan kuma fa? Talatin da ɗaya ga Safar."

"Me ya same shi?"

"Watan Musulunci yana kai talatin da ɗaya?"

Zakiru ya matso ya duba. Ya haɗa kwanakin Hijira da na Bature a layi ɗaya, sun cakuɗe tun mako na biyu.

"Ranar ajiya ce," ya ce. "Kowane babban jadawali yana da ita. Kai aski ka sani."

"Nan kuma ka sa karatu ranar Juma'a sha biyu da rabi. Liman zai jira ku, ko ku za ku jira shi?"

Zakiru ya ciro biro ya soke layin, ya ce dama gwaji ne ya ga ko akwai mai lura.

Ya raba wa ɗaliban lamba kamar motoci: Abdulfattah Lamba Ɗaya, Osman Lamba Biyu, Asma Lamba Uku. Karatu sau bakwai a yini. Kowane kwana biyu za a yi musayar littafi a kan matakala, kowa ya miƙa wa na damansa. Kuma saboda kada a makara, ya zo da lasifikar wajen aiki.

Ranar farko, bayan an dawo daga sallar asuba, ya tsaya a tsakiyar bene ya kunna ta.

"Lamba Ɗaya, Lamba Biyu, Lamba Uku! Yalla, yalla! Saura minti uku a tashi!"

A hawa na biyu akwai wasu tsofaffi huɗu 'yan Nijar da suka zo Umara suka sauka wajen ɗan'uwansu. Da suka ji muryar da suka sani a tasha, sai ga su sun gangaro da akwatuna da jarkunan zamzam, wata tsohuwa tana ɗaura takalmi tana kuka cewa motar Makka za ta bar ta. Mai masaukinsu ya biyo su da zanen barci a kafaɗa. Sai da aka yi minti ashirin ana mai da kaya sama. Lokacin da hayaniya ta lafa, zangon karatu na farko ya wuce, na biyu ya shiga.

"To yanzu wanne za mu karanta, ya ammu?" in ji Asma da Larabci. Ammu, wato baffa, haka yaran ke kiransa.

"Na farko ya tashi. Wanda mota ta bari, ta bar shi. Ku shiga shafi na talatin."

Haka aka fara tarihin daga tsakiyar jumla.

Musayar littafin ita ma ta zo da nata. Zakiru ya ce kowa ya miƙa wa na damansa, amma bai faɗi ko damar mai hawa ba ce ko ta mai sauka. Abdulfattah ya karanta juzu'i na uku har sau huɗu, ya kai yana faɗar sa a cikin wanka. Osman kuwa na takwas ya fara samu, don haka a wajensa daular ta rushe tun kafin a kafa ta. Ya zo ya samu Zakiru da fuskar ta'aziyya.

"Ammu, halas, ta ƙare. Sai me?"

"Sai ka koma farko ka ga yadda aka yi. Ai haka manyan jami'o'i suke yi."

A kwana na biyar Najiba ta hawo bene da tukunya a hannu. Najiba doguwar mace ce mai ɗinkin abaya, ba ta ɗaga murya sai dole, kuma ranar dole ta yi.

"Abu Abdulfattah, leƙa nan."

Ya leƙa. Shinkafa ce ta zama gawayi.

"Na bar wa Asma girki na je kai ɗinki. Ka busa mata ƙaho, ta bar wuta ta ɗauki littafi. Me za mu ci? Juzu'i na biyu?"

"Hajiya Najiba, duk babban aiki yana da asara. Ko a tasha..."

"Kada ka kawo min tasha. Osman kuma ka sa masa karatu daidai lokacin ƙwallo, yaro yana yawo a gida kamar an yi masa mutuwa. Lissafin da Malama ta bari ko buɗewa ba su yi ba. Jarrabawa saura wata biyu. Wallahi in Baba Sa'id bai gamsu ba, ni da kaina zan kai su Jurf."

"Zai gamsu har ya nemi a ara masa jadawalin."

Asma ce ta fara shakka. Yarinya ce mai natsuwa, irin masu karanta har rubutun ƙasan shafi. Ta zo da juzu'i na biyu a buɗe.

"Ya ammu, shafi ɗari huɗu na karanta. Ina Hausawa?"

"Suna gaba."

"Fulani fa?"

"Suna juzu'i na bakwai. Babban baƙo ba ya shigowa da wuri."

Ta nuna masa hoton wani masallaci mai ƙubbobi a bakin ruwa, jiragen ruwa suna wucewa ta gabansa. "Wannan fa?"

Zakiru ya riƙe littafin nesa da fuskarsa, idonsa ya ciko. "Allahu Akbar. Sakkwato kenan kafin Turawa su ɓata ta."

"Amma a ƙasa an rubuta..."

"Asma! Ni za ki koya wa garin kakana? Ni da aka yi min wanka da labarinsa?"

Ta koma ta duba a wayarta, cikin minti biyu ta gane komai. Ta gaya wa samarin. Abdulfattah ya yi ƙoƙarin sanar da mahaifinsa a wajen cin abinci, Zakiru ya nuna masa agogo ya ce lokacin tambaya ranar Alhamis ne, huɗu da minti goma sha ɗaya. Ranar Alhamis huɗu da sha ɗaya kuma aka kira shi tasha. Osman, wanda ya rasa wasa uku a jere, ya ce a ƙyale shi. An ce su karanta, za su karanta. Kuma gaskiya littafin akwai daɗi: ga yaƙi, ga dawakai, ga sarakuna, ga shi wanda ya kafa daular sunansu ɗaya. Suka duƙufa kamar masu shirin ɗaukar fansa, domin fansar suke shiryawa.

Iyatu takan bugo waya daga Makka, jariri yana kuka a bayanta.

"Yaya karatun, Baban Abdul?"

"Mun ci shekara ɗari huɗu a mako biyu."

"Wace ɗari huɗu? Daular da duka-duka shekara ɗari..."

"Layin yana katsewa, Iyatu. Gai da mai jego."

Ta ajiye waya ta ce a ranta, halinsa ne, ko akuya ɗaya ya gani sai ya ce garke.

Abin ya ƙara girma ranar da Abdulfattah, ko da gangan ko ba da gangan ba, ya faɗa a gabansa abin da ya ji a bakin Osman, cewa Usmaniyyawa ne suka gina tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ambariyya, nan cikin Madina. Zakiru ya miƙe tsaye da lomar tuwo a hannu. Kafin magariba ya shiga shagon Abdou, ya tarar da mutum biyar suna jiran aski.

"Kun san tashar Ambariyya? Mu muka gina ta."

"Ku wa?" in ji Abdou.

"Sakkwatawa. Kakanninmu. Yana cikin littafi, juzu'i na takwas."

"Ikon Allah. Jirgin daga Sakkwato yake tasowa?"

"To daga ina zai taso?"

"Ta ina ya tsallake Bahar Maliya?"

Zakiru ya ɗaga yatsa sama. "Mutanen da suna da sirri," ya ce.

Abdou ya ce lallai ranar Asabar zai rufe shago, ko da kuwa ango ne ya zo aski.

Iyatu ta dawo ranar Asabar ɗin da azahar, a gajiye. Ta ga ledar a matakala ta yi salati. Ta nemi ganin littattafan, Zakiru ya ce an riga an kai su Jurf don nuni. Ta kira Abdulfattah ta tambaye shi ko sun shirya. Ya ce, "Na'am, ya ummi," yana kallon takalminsa. Ta so ta matsa masa, amma lasifika ta yi kira a ƙasa.

A farfajiyar gidan Baba Sa'id da ke Jurf an shimfiɗa darduma bayan la'asar. Maza kusan talatin suka zauna a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen bayan wani labule da ba ya hana komai wucewa. An kawo dabinon Badr da gahawa. Zakiru ya ɓamɓaro jadawalin daga bene ya rataya shi a jikin bishiya, ya jera juzu'i takwas a kan tebur, kowanne ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli. Ya sa sabuwar jallabiya da rawani irin na mutanen Sudan, ya yi jawabin minti ashirin, inda ya ambaci motoci arba'in sau uku, tutar kakansa sau biyar.

"Ya isa," in ji Baba Sa'id. "Kawo yaran."

Suka zauna a gabansa. Baba ya gyara zama, ya dubi Osman.

"Kai da ka ce ba ka sani ba. Wa ya kafa Daular Usmaniyya?"

"Usman," in ji Osman.

"Madalla!" Jama'a suka ɗauki kabbara. Zakiru ya juya yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan Abdou.

"Jadawali," ya ce a hankali, yana buga ƙirji.

"Ya yi yaƙi da sarakunan zamaninsa?"

"Sosai, ya jaddi. Ya ci garuruwa da yawa." Jaddi, wato kaka, haka yaran ke kiran Baba.

"Bayan rasuwarsa wa ya gaje shi?"

"Ɗansa."

"Allah ya yi maka albarka." Baba ya share ido da gefen mayafinsa. A bayan labule Iyatu ta saki numfashin da ta riƙe tun Makka. Zakiru kuwa ya kasa zama.

"Baba, waɗannan tambayoyin yara ne. Shiga ciki sosai! Tambaye su abin da ko kai sai ka yi tunani."

"To. Abdulfattah, Usman ɗin nan ɗan wane ne?"

Abdulfattah ya kalli mahaifinsa, ya kalli ƙasa. "Ɗan Arɗugrul."

Baba ya sa hannu a bayan kunne. "Ɗan wa?"

"Arɗugrul."

"Da Fulatanci ne," Zakiru ya yi maza ya ce. "Arɗo. Arɗo Gurul. Ai Baba ka san su da laƙabi."

Baba ya dube shi na ɗan lokaci, sannan ya koma kan yaran. "A ina ya fara?"

"Anadol," in ji Osman.

"Ana dole?"

"Ƙwarai!" in ji Zakiru. "Ana dole aka fara. Ai ba da son rai aka yi hijira ba."

Wani a baya ya yi tari mai kama da dariya. Baba ya ajiye carbinsa a kan gwiwa.

"Asma, 'yar Najiba. An ce ke ce mai kai. Gaya min yadda aka ci babban birnin abokan gaba."

Asma ta miƙe, ta gyara mayafi, ta yi magana da Hausa tsantsa don kada kowa ya rasa ko kalma ɗaya.

"An kewaye birnin kwana hamsin da uku, ya jaddi. Mutanen birnin suka ɗaure bakin teku da sarƙa. Sai sarki ya sa aka shafa wa katako mai, aka ja jiragen ruwa ta kan tudu, aka sauke su cikin tekun ta baya."

Baba ya ɗago kai, ya zuba mata ido.

"Teku," in ji Baba.

"Na'am."

"A Gobir."

"A'a, ya jaddi. A Istanbul."

"Da akwai ruwa sosai a Gobir," Zakiru ya fara, muryarsa ta sirance. "Kafin fari. Kakana ya ce..."

"Abdou," in ji Baba, "miƙo min littafi ɗaya."

Abdou ya tashi da saurin da bai taɓa yi wa mai aski ba. Ya yage takardar mai ƙyalli ya miƙa. Baba ya sa tabarau, ya buɗe, ya ci karo da hoton wani sarki mai jar hula da gashin baki kamar ƙahon rago. Ya juya littafin ya nuna wa jama'a.

"Zakiru, wannan wane Sarkin Musulmi ne a cikin namu?"

Zakiru ya matso, ya ja baya, ya laluba aljihu. "Tabarauna..."

"Yana kan hancinka."

Farfajiyar ta fashe. Mutum ya faɗi a kan na kusa da shi. Abdou ya durƙusa yana dukan darduma yana cewa, "Jirgin ƙasa daga Sakkwato! Mutanen da suna da sirri!" Wani ya shaƙe da ƙwallon dabino aka yi ta bubbuga masa baya. Baba Sa'id ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa ta dattijo, ya kasa, dariya ta ƙwace masa har rawaninsa ya zame zuwa kunne.

Zakiru ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a, ku saurara! Mai kanti ne ya ha'ince ni. Ni da jinin tuta..."

Sai wata murya ta fito daga bayan labule, siririya amma mai kaifi. Gwaggo Kaltume ce, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta zo Umara daga Mai Wurno, kuma Zakiru ya manta an gayyace ta.

"Wace tuta, Zakiru? Kakan naka jaki ya koro, da tukwane a kai. Kuma jakin ma na aro ne."

Wannan karon har matan sai da suka kwanta.

Mutum biyu ne ba su yi dariya ba. Najiba ta miƙe ta ce mako uku sun tafi a banza, ba lissafi ba Sakkwato, gobe za ta kai 'ya'yanta Jurf. Iyatu tana zaune ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa, kuma ba dariya take ba. Yaran suka ga haka, murnarsu ta koma ciki. Asma ta je bakin labule ta durƙusa.

"Malama, mun gane tun mako na farko. Mun gaya wa Ammu bai ji ba, sai muka yi shiru. Laifinmu ne. Ki yafe mana."

Baba ya gyara rawani ya ɗaga hannu, aka yi shiru.

"Najiba, zauna tukuna. Asma, juzu'i nawa kika karanta?"

"Shida, ya jaddi."

"Osman?"

"Biyar. Daga ƙarshe zuwa farko."

"Abdulfattah?"

"Ɗaya. Sau huɗu."

Baba ya ɗauki littafin ya auna nauyinsa a tafin hannu. Ya buɗe tsakiya ya jefa musu tambaya uku a jere daga shafukan da ya ga dama, suka amsa ba gargada, har suna gyara wa juna shekaru.

"Yaran da za su haɗiye wannan cikin mako uku, da lasifika a kansu, an koya musu karatu tun kafin yau," ya ce. "Kuma na san ba Zakiru ne ya koya musu ba. Iyatu, share hawayenki, ajinki yana nan. Laifin nawa ne da na aika a nemo a kanti abin da yake cikin kaina. Kakata da ƙafarta ta taka daga can zuwa Nilu, kuma ta ba ni labarin kowace rijiya. Zan riƙa zuwa da kaina. Wace rana kika tsara tun farko?"

"Litinin da Laraba, Baba. Bayan la'asar."

"Shi kenan. Najiba?"

Najiba ta gyara mayafi. "In dai ba lasifika."

"Babu. A ajiye kujera huɗu."

Zakiru ya ɗan farfaɗo. "Ta huɗun ta mai sa ido ce ko, Baba?"

"Ta ɗalibi ce. Ka zo da littafin rubutu da tabaraunka."

Rana ta yi ƙasa lokacin da suka kama hanyar gida. Abdulfattah yana baya, kwalin littattafai a kan cinyarsa. Iyatu tana gaba tana kallon taga. Zakiru ya yi tuƙi shiru na minti goma cur, abin da Abdulfattah bai taɓa gani ba tun da aka haife shi. Sannan ya yi gyaran murya.

"Amma dai, Iyatu, ki duba. Tambaya ukun farko duk sun ci. Usman ɗin daidai ne. In aka yi lissafi da kyau, rabin..."

"Baban Abdul."

"Na'am?"

"Ka wuce kwanar gidanmu tun ɗazu. Juya, kafin ka kai mu Istanbul."